Ina Tsarabata?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau kalma ɗaya za mu ɗauka mu juya ta, kalmar da yaro kan iya tun kafin ya iya ƙirga yatsunsa, wato tsaraba.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san yadda abin yake. Maigida ya dawo daga tafiya, ko uwa ta dawo daga unguwa, sai yara su ruga suna oyoyo, wannan ya karɓi jaka, wancan ya riƙe hannu, idanu kuwa duk suna kan ƙullin da aka shigo da shi. Manya za su yi sannu da zuwa, su tambayi hanya, su tambayi mutanen can. Yaro ba ruwansa da wannan dogon zance, tambayarsa ɗaya ce: ina tsarabata?

Tsaraba dai ita ce abin da mutum ya riƙo daga inda ya je domin waɗanda zai tarar. Dole sai da tafiya a ciki, ko da ta zuwa kasuwar ƙauyen da ke kusa ce. Shi ya sa muke da tsarabar kasuwa, da tsarabar gona, da tsarabar biki, har zuwa tsarabar Makka. In maƙwabcinka ya miƙo maka tuwo ta kan katanga, wannan kyauta ce, alheri ne, amma ba wanda zai ce masa tsaraba, domin ba daga ko'ina ya dawo ba. Kuma tsaraba tana tafiya ta fuska biyu. Baƙon da ya zo ganin dangi yakan zo da tasa, in ya tashi komawa kuma masu gida su ƙulla masa wani abu su ce, ungo wannan, a kai wa yara tsaraba. Iyayenmu mata sun fi kowa iya wannan. Ba za su bar baƙuwa ta fita hannu rabbana ba, ko da ɗan ƙullin kuka ne da daddawa.

Hausa ba ta da rowar suna wajen abin da ke fita daga hannu zuwa hannu. Abin da matafiyi ya ɗauka don ya ci a hanya, guzuri ne. Abin da ka ba yaron da aka aiko ya kawo maka kyauta, tukuici ne, shi ne ma ake cewa yaba kyauta tukuici. Abin da talaka ya kai wa basarake gaisuwa ce, na saurayi ga budurwa toshi, na ranar biki gudummawa. Amma wanda aka fi rikita shi da tsaraba a yau shi ne sautu, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya.

Sautu shi ne ka ji wani zai yi tafiya, ka ba shi kuɗinka ka ce ya sayo maka abu kaza. Kai ka zaɓa, kai ka biya, shi ɗauko maka kawai ya yi. In ya kawo abin da bai yi maka ba, kana da bakin magana. Tsaraba kuwa mai tafiya ne ke zaɓa, da kuɗinsa, bisa ƙarfinsa, kuma ba a raina ta. To yanzu sai ga wani sabon salo ya shigo mana. Mutum zai yi tafiya, tun bai ɗaure kaya ba an fara yi masa lissafi: ni waya nake so, ni shadda, ni agogo irin kaza. Ba a ba shi ko sisi ba, an kuma faɗa masa abin da zai kawo. Wannan bai cika sautu ba tunda ba a biya ba, bai kuma zama tsaraba ba tunda ba shi ya zaɓa ba. Ɗora wa mutum nauyi ne kawai. Yaro ƙarami in ya ce ina tsarabata, ya yi daidai, ƙuruciya ce, alewa ɗaya ta ishe shi. Babba mai gemu ya tsare matafiyi da jerin buƙatu, wannan bai dace ba, ko da cikin raha aka faɗa.

Me ya sa Bahaushe ya ba wannan ɗabi'a muhimmanci haka? Sai mun tuna irin tafiyar da kakanninmu suka yi. Fatake kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, ƙarƙashin madugu, su ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata, su nufi Gwanja, can ƙasar Gana ta yau, inda kasuwar Salaga take, su sayo goro. Tafiya ce ta watanni, zango bayan zango, ga 'yan fashi, ga koguna, ga cuta. Babu waya, babu gidan waya. Matar da aka bari a gida ba ta san ko mijinta na raye ba sai ranar da ayari ya shigo gari. Ran nan in ya kwance kaya ya fito da goron da ya ware mata tun daga can, ya ce wannan na Inna ne, wannan na Gwaggo, wannan na malamin yara, kowa ya san cewa duk tsawon watannin nan yana cikin ran mutumin nan. Aikin tsaraba ke nan tun asali: shaida ce cewa nisa bai sa an manta da kai ba. Goro ɗaya ya isa ya ba da wannan shaida.

Abu na biyu da tsaraba ke yi shi ne ta kawo maka garin da ba ka je ba. Ka lura, kusan kullum da sunan wuri ake kiranta. Wanda ya je Maiduguri ana sa ran turaren wuta da humra, ko hular Bama. Wanda ya fito Sakkwato, kayan fata na jar akuyar nan da ta yi suna har ƙasashen Turai. Daga Bidda, kwanukan tagulla da munduwayen gilashi da ƙuli-ƙuli. Daga Jos dankalin turawa, daga tsaunin Mambila ganyen shayi, daga Maƙarfi mazarƙwaila. Wanda ya haura Agadas zai riƙo cuku da dabino, in da hali ya haɗa da abin wuyan azurfa na maƙeran Buzaye. Wanda ya bi ta Galmi kuwa ba zai wuce albasa ba. Direban da ya dawo daga kurmi ga manja, ga kwakwa, ga doya. Mu kuma in mun tashi kai wa na nesa, sai mu nemi kilishin Agadasawa, da alkaki, da ƙyallen da aka rina a marinar Ƙofar Mata. Yaron da bai taɓa fita unguwarsu ba, ta bakin jakar baƙi yake fara sanin ƙasa: ya san akwai wani gari mai sanyi da ake noma shayi, akwai wani mai rairayi da raƙuma ke kawo gishiri daga Bilma. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to wanda bai samu tafiyar ba, tsaraba ce rabonsa na wannan ilimi.

Don haka ni a ganina, in za ka yi tsaraba, ka nemi abin da garin ya iya. Ka je Bidda ka dawo da biskit ɗin da ake sayarwa a kantin bakin layinku, an gode, amma an yi asarar rabin ma'anar. Kuma kuɗin da ka ba maƙerin tagulla ko majemi ko marini, shi ke sa ɗansa ya yarda ya koyi sana'ar. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ginin tukwane ne ya kai ta nan, sana'ar da ta koya tun tana yarinya a ƙasar Gwari. Akwai irinta da yawa a ƙauyukanmu waɗanda ba abin da suke jira sai mai saye.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tsaraba. Bari mu zo kan babbarsu, tsarabar aikin Hajji.

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, mafi yawan mutanenmu ta ƙasa suke tafiya. A bi ta Borno, a shiga Chadi, a ratsa Darfur, a kai bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, sannan a haye zuwa Jidda. Da yawa sai sun tsaya a hanya sun yi ƙwadago, wasu a gonakin auduga na Jazira, su tara guzuri sannan su ci gaba. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can Sudan har gobe, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Wanda Allah ya dawo da shi gida bayan wannan wahala, me kake tsammani ya riƙo? Ɗan ruwan Zamzam a gora, 'yan ƙwayoyin dabino, carbi, ƙila da kwalli. Zamzam ɗin nan a ɗiga shi cikin randa don ya ishi unguwa. Mutane kuma su yi ta tururuwa, burinsu su yi musafaha da hannun da ya taɓa Ka'aba, su roƙi addu'a. Ba wanda ya je don ya ga girman jaka.

Da tafiya ta yi sauƙi sai kaya suka ƙaru. Aka shiga zamanin darduma da jallabiya da zobba da agogo da turare, da haƙorin Makka, da 'yar na'urar nan mai kamar kyamara da yara ke leƙawa su ga hoton Ka'aba da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk wannan ba laifi, farin ciki ne, kuma addininmu ya kwaɗaitar da yin kyauta don tana ƙara ƙauna. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da tsaraba ta koma abin da ke hana alhaji barci. Mun sha ji, mun kuma sha gani: dattijo ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ya isa ƙasa mai tsarki, sai ya riƙa ƙuntata wa cikinsa don guzurinsa ya ishe shi sayen tsaraba. Hajiya ta bar salla a Harami, inda lada ke ninkuwa, tana zagayen kasuwa da takardar sunayen mutum hamsin a hannu, tana tsoron gorin dangin miji. A filin jirgi kuma a auna kaya a ce sun wuce kilon da aka ƙayyade, a zubar da wasu a nan, bayan an riga an kashe kuɗin. Wani ma da bashi yake dawowa.

Abin da zai ba ka tausayi, yawancin kayan nan ba a Makka aka yi su ba. Ka duba jikin carbin ko dardumar, za ka ga daga Sin ko Turkiyya ko Indiya aka kawo su, kuma irinsu na nan jibge a kasuwannin Kano. Shi ya sa wasu alhazan yanzu suke sayen na rabo a gida, su huta da dakon kaya. Ni ban ga aibin wannan ba, matuƙar ba a yi ƙarya an ce daga can aka zo da shi ba. Abin da yake na can da gaske shi ne Zamzam, wanda a 'yan shekarun nan lita 5 ake ba kowane alhaji, sai dabinon Madina, sai kuma addu'ar da aka yi maka a Arfa. In alhaji ya ba ka kurɓi ɗaya da dabino uku ya ce na ambaci sunanka a can, wallahi ya gama maka tsaraba. Gyaran kuwa ba a hannun alhazai yake ba, a hannunmu yake, mu masu zuwa sannu da zuwa. Ranar da muka daina leƙen jaka, ranar za su daina cin bashi.

Kalmar ta kuma fita daga jaka ta shiga wasu wurare. A gidajen rediyo za ka ji an ce wakilinmu ya ziyarci wuri kaza, ga tsarabar da ya zo mana da ita, alhali rahoto ne. Ɗalibin da ya dawo daga karatu, ilimin da ya samo tsaraba ce ga garinsu. Akan kuma juya ta a ce wane ya kwaso tsarabar mura, ko tsarabar zazzaɓi. Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce: wanda ya dawo daga tafiya yana jin jikinsa ba daidai ba, ya fara zuwa asibiti kafin ya shiga cikin yara.

To akwai wani abu da ke maƙwabtaka da tsaraba, wanda mukan kira abin tunawa. Yawancin tsaraba ci ake yi, ko a shafa, ko a sa har ta tsufa. Kilishi ba ya kwana uku a gidan yara. Amma wata takan ƙi ƙarewa. Dardumar da kaka ya zo da ita daga Hajji ta koɗe, gefenta ya zare, amma ba mai yarda a yar da ita. A nan tsaraba ta zama abin tunawa. Haka zoben da uwa ta cire ta ba 'yarta ranar da za a kai ta ɗaki, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, da allon da mahaifi ya yi sauka da shi, da tasoshin jere na kakarmu, da takobin da ke rataye a zaure, da hoton nan baƙi da fari da aka ɗauka ranar suna. In ka kai su kasuwa wasu ba za su yi kuɗin kwanon masara ba. A gidan da suka fito kuwa, ba su da farashi.

Masu biki na zamani sun gane wannan, shi ya sa ake buga sunan ango da amarya da kwanan wata a jikin kofi da bokiti da littafin rubutu da kalanda a raba wa mahalarta. Niyyar mai kyau ce. Roƙona dai a riƙa buga su a kan abin da zai yi amfani, kuma a guji sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikin abin da aka san ƙarshensa bola.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili: in mutum ya rasu, duk abin da ya bari gado ne, har carbinsa da hularsa. Ba daidai ba ne wani ya ɗauke agogon mamaci ya sa a aljihu ya ce abin tunawa ne, alhali akwai marayu da ke da haƙƙi a ciki. In kana so, ka nemi yardar magada, ko a ƙimanta shi a cire daga rabonka. Ƙaunar mamaci ba ta halatta cin haƙƙin 'ya'yansa.

Inda muke da rauni ƙwarai shi ne adanawa. Mun iya bayarwa, ba mu iya ajiya ba. Takardun kakanni na cikin buhu a ɗakin da ke yoyo, gara na ci, ɓera na ci. Hotuna sun manne da juna saboda laima. Tsohuwa ta rasu, aka kira mai gwangwan ya auna tasoshinta na tagulla a kilo. Ga kuma dillalai masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin littattafai da takubba da kayan sarauta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da su waje. A Najeriya akwai doka tun 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ba a fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da izininta. Gumakan yumɓu na Nok da aka haƙo a ƙasar Kaduna an sace da yawa ta irin wannan hanya. In abu ya fi ƙarfin ajiyarku, akwai inda aka tanada dominsa: Gidan Makama a Kano, Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da na Yamai mai sunan Boubou Hama. Ku je ku yi shawara da ma'aikatansu kafin ku saurari dillali.

Wanda za ku riƙe a gida kuwa, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ɗaga shi daga ƙasa, a nesanta shi da laima da hasken rana, takarda a sa ta cikin akwatin ƙarfe a riƙa dubawa bayan damina, hoto kuma a ɗauke shi da waya a tura wa 'yan'uwa don in ɗaya ya ɓace wani na nan. Sannan abin da ya fi duka: a rubuta labarinsa. Darduma in ba a san wanda ya kawo ta ba, tsohuwar darduma ce kawai, jika zai shimfiɗa wa akuya. In an san cewa kakan kakansa ne ya zo da ita bayan ya yi shekaru a hanyar Sudan, ba zai bari ko ƙura ta taɓa ta ba.

Saboda haka mai sauraro, ga aikin da zan bar maka. In akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku, yau bayan sallar isha'i ka je ka zauna kusa da su, ka tambaye su abin da ya fi komai daɗewa a ɗakin nan: wa ya kawo shi, daga wane gari, a zamanin wane sarki. Ka ɗauki biro ka rubuta, da boko ko da ajami, ka ajiye takardar tare da abin. Kada ka ce sai wani satin, domin masu amsa wannan tambaya raguwa suke yi kullum.

A nan za mu dakata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum.